"Ban ƙi ta taka ba, amma…": maganar da muka daina koya wa yara

Ƙorafi biyu nake ji a kan yaranmu a nan Sarkin Yamma, kuma masu yin su ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Malaman lakkol suna cewa yaran ba su da baki. Ka yi tambaya aji ya yi tsit. Ka yi kuskuren lissafi a kan allo, yara sittin suna kallo, wasunsu sun gane sarai, amma haka za su kwafe shi cikin kaye ba wanda zai ɗaga hannu. Iyaye kuwa cewa suke yi yaran sun fitsare: tun da boko da waya suka shigo, yaro sai ya dubi tsabar idon ubansa ya ce "ba haka ba ne", yarinya ta murguɗa wa uwarta baki. Abin da ɓangarorin biyu ba su lura da shi ba, sau da yawa yaro ɗaya suke nufi. Wanda ya yi gum a gaban mushe da safe (ƴan'uwanmu na Katsina su yi haƙuri, a nan mushe malamin makaranta ne) shi ne da dare yake zazzaga wa sa'an babansa rashin kunya a Facebook.

Ni ban ga laifin yaron ba. Hanya biyu kaɗai muka nuna masa in ya ji maganar da bai yarda da ita ba: ko ya haɗiye, ko ya amayar. A gida an ce masa yaro ba ya mayar wa babba magana. A makaranta wasu malamai sun ce masa wayewa ita ce ya faɗi ra'ayinsa kai tsaye ba tsoro. Ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa hanya ta uku, alhali kuwa tana nan cikin bakin kakarsa, kuma kullum yana jin ta a ƙofar gidan mai gari.

Ku saurari dattawa biyu suna jayayya a kan iyakar gona ko kuɗin sadaki. Da wuya ka ji ɗaya ya buɗe baki da "a'a". Zai ce: "Gaskiyarka, amma…" Ko: "Haka ne, sai dai…" Ko: "Ban ƙi ta taka ba." In zai katse mutum ya ce: "Ban tari numfashinka ba." In malami ne ya ce: "Allah ya gafarta malam, abin da ka faɗa haka yake, to amma in aka duba ta nan…" Wanda bai san Hausa ba zai ɗauka gaisuwa ce ake ta ja. Aiki ne ake yi. Mutumin ya ɗauki maganar abokin gardamarsa, ya sheƙe ta kamar hatsi a faifai, ya tsince ƙwayar da ke ciki ya miƙa masa a gaban jama'a, sannan ya ce ga tsakuwar da na gani. Wanda aka miƙa wa tasa gaskiyar bai tozarta ba, saboda haka in hujja ta fi ƙarfinsa yana da ƙofar da zai bi ya dawo. Wanda aka ce wa "ƙarya kake" a bainar jama'a kuwa, ko ya gane shi ne bai da gaskiya, zai kafe har Mahadi ya bayyana, don yanzu mutuncinsa yake karewa.

Na taɓa zama a taron iyayen yara na wata makarantar ƙauye a farkon Oktoba. Darekta ya tashi da zafi, ya ce an koma karatu kwana goma ke nan rabin yara suna gona, duk wanda bai turo ɗansa ba ranar Litinin za a soke sunan yaron. Wani saurayi daga baya ya ce darekta bai san wahalar talaka ba tunda shi albashi yake ci. Wuri ya ɗau hayaniya, darekta ya fara tattara takardunsa. Sai wani tsoho ya gyara zama ya ce: "Mushe, gaskiyarka. Kwana goma ba wasa ba ne, yaron da ya rasa farkon karatu haka zai yi ta ɗingishi har ƙarshen shekara, kuma mu muka kawo maka su, ba kai ka roƙe mu ba. Sai dai ina tambaya: aji biyu daga cikin azuzuwan nan rumfar kara ce, kuma ba a kafa su ba tukuna. Karan yana gona, sai an gama yankan gero za a samu. In muka turo su duka ranar Litinin, ina za su zauna?" Darekta ya yi dariya, ya ajiye takardun. A ranar aka yanke cewa ƴan CM2 masu ajin siminti za su dawo nan take, iyaye kuma su haɗa hannu a kafa rumfunan cikin mako biyu. Ku lura, tsohon nan bai janye ko taku ɗaya ba. Abin da saurayin yake so a ce, shi ma shi ya ce: ranar Litinin ba za ta yiwu ba. Bambancin shi ne ya fara biyan darekta haƙƙinsa, kuma haƙƙin na gaske ne, don kwana goma ɗin asara ce da gaske.

To, wannan ne wasu ƴan bokonmu suke kira munafunci. Na sha ji a bakin malamai, har da waɗanda nake ganin girmansu: wai Bahaushe bai iya cewa a'a ba, sai kwana-kwana, shi ya sa ba mu ci gaba ba, wai Bature in bai yarda ba cewa yake yi bai yarda ba, shi ke nan. Wanne Bature? Malamin nan da ya faɗi haka, shi ne zai shiga ajin lise ya kwashe wata guda yana koya wa ɗalibai cewa rubutun falsafa na jarrabawar bak ba ya cika sai an kawo ra'ayi, an kawo kishiyarsa, sannan an daidaita. Shi ne zai sa su haddace "certes… mais" da "il est vrai que… cependant", ya kuma rage wa wanda bai sa su ba maki. Fassara su da Hausa mu ji: "haka ne, amma", "gaskiya ne cewa, sai dai". Wato in Faransanci ya yi shi sunansa zurfin tunani, in tsoho mai rawani ya yi shi a gindin gawo sunansa munafunci. Yaron da ya yi sa'ar kaiwa lise sai ya karɓi kayan gidansu a hannun baƙo, yana ganin sabon abu ne, dubban da suka tsaya a firamare kuwa ba wanda ya taɓa ce musu wannan ilimi ne.

Bari mu bar Faransa, don kada a ce haushinta nake ji. Mu je ƙasar da yaranmu suka fi sanin garuruwanta fiye da na jihar Diffa, saboda Real Madrid da Barcelona. Ana yi wa Sifaniyawa kallon mutane masu zafin gardama, masu ɗaga murya da katse juna, kuma su ma ba su musanta ba. Amma tun 1990 wasu malaman harshe a jami'ar Balensiya, ƙarƙashin Antonio Briz, suke ɗaukar hirar yau da kullum ta mutane a na'ura suna rubuta ta kalma bayan kalma, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi nazarta shi ne yadda mai magana yake sassauta harshe. Basifaniye in zai musa maka, sau da yawa da "sí, pero" yake farawa, wato "i, amma". Ko ya ce "tienes razón, pero", gaskiyarka amma. Yana da wata kalma, "bueno", asalinta "da kyau", wadda yake ja kamar yadda muke jan "tooo" in za mu kawo cikas. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "no te digo que no, pero", ma'anarta ban ce maka a'a ba, amma. Ku ɗora ta kusa da "ban ƙi ta taka ba" ku gani in uwa ɗaya ba ta haife su ba. Masu binciken ba su ɗauki wannan a matsayin tsoro ba. A wurinsu dabara ce ta mai son a karɓi maganarsa ba tare da ya ɓata da mai sauraro ba, kuma sun lura tana raguwa tsakanin abokan da suka shaƙu, tana ƙaruwa in akwai tazara ko abin da ake gudun lalatawa. Haka yake a nan: a fada wajen shayi aboki yana iya ce wa aboki "kai dai ba ka san ƙwallo ba" a yi dariya, taubashi ma ya fi haka, amma ba wanda zai kai wannan gaban surukinsa. A Turancin Ingilishi ma wata mai bincike, Anita Pomerantz, ta nuna tun 1984 cewa yarda tana fitowa da sauri, musu kuwa sai an yi jinkiri an sa masa share fage, sau da yawa da ƴar guntuwar yarda a gaba. Baturen nan mai cewa a'a ƙiri-ƙiri a kowane wuri, a cikin kan malamanmu kawai yake zaune.

Har nahawun ya yi kama. Sifaniyanci yana da kalmar "aunque", kuma siffar aikatau da ta biyo ta tana nuna ko mai magana yana faɗin abin a matsayin tabbas, ko kuwa cewa yake yi ko ma haka ne bai canza komai ba. Hausa ta raba su da kyau: "ko da yake ruwa ya sauka, ba zan yi shuka ba" daban, "ko da ruwa ya sauka, ba zan yi shuka ba" daban. A ta farko ka amsa cewa an yi ruwa. A ta biyu ba ka amsa komai ba, ka dai ce ko an yi ba zai motsa ka ba. Kalma ɗaya ce tsakani, "yake", amma duk wanda ya taɓa zaman sulhu ya san nauyinta. Yara nawa ne a CM2 aka taɓa nuna wa wannan?

Ga masu cewa to ai wannan al'ada ce kawai, addini gaskiya tsirara ya sani, su koma su duba. Ayar Suratul Baƙara da ta yi magana a kan giya da caca ba ta ce babu komai a cikinsu ba. Ta ambaci cewa akwai wasu amfanoni ga mutane, sannan ta ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Littattafan sira sun kawo cewa a Badar, da Hubabu ɗan Munziru ya ga wurin da rundunar Musulmi ta sauka bai yi masa ba, sai da ya fara tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin umarni ne daga Allah ko kuwa dabarar yaƙi ce. Wato ya riga ya sallama: in wahayi ne ba ni da ta cewa. Da aka ce masa dabara ce, sai ya kawo tasa shawarar, aka kuma bi ta. A ƙasarmu ta Hausa ma akwai misali, kuma ya shafe mu, mu da kakanninmu suka baro Katsina suka zauna a gefen gulbin Maraɗi saboda yaƙin jihadi. Lokacin da Shehu Laminu na Borno ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana ƙalubalantar yaƙin da ake yi da Borno, bai ce ƙasarsa tsarkakakkiya ba ce. Ya amsa cewa ana aikata saɓo iri-iri, ya ce amma saɓo ba kafirci ba ne, kuma irinsa yana nan a Masar da Sham ba wanda ya kafirta su. Wannan amsawar ce ta sa hujjarsa ta yi nauyi har Muhammadu Bello ya ga dole ya zauna ya ba ta amsa dalla-dalla, ya kuma kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812. Da Shehu Laminu ya ce duk ƙarya ake yi wa Borno, da layi biyu sun ishe shi amsa.

Yanzu bari in ba masu cewa munafunci nasu haƙƙin, don suna da shi. Akwai wata cuta a bakinmu da ta yi kama da abin da nake karewa. Ka kawo wa mutum magana ya ce "to", ya ce "ba laifi", ya ce "sai mun gani", ya rufe da "in sha Allahu", alhali tun kafin ka rufe baki ya riga ya yanke ba zai yi ba. Ka tafi kana murna, shi kuma ya juya ya zage ka a zauren wani. Kwamitin makaranta nawa ne aka tashi taro kowa ya ce ya yarda da kuɗin gudummawa, ranar biya ba a ga kowa ba? Wannan cuta ce, kuma tana cin makarantunmu. Sai dai ku duba da kyau: abin da ya ɓace a cikinta shi ne "amma". Mai "ba laifi" bai nuna maka wace gaskiya ya ba ka ba, bai kuma gaya maka inda ya tsaya ba. Tsohon da na ba ku labari ya yi duka biyun a fili: kwana goma asara ce, ranar Litinin ba za ta yiwu ba. Wanda ya iya "gaskiyarka, amma" ba ya bukatar ɓuya a bayan "sai mun gani", don yana da yadda zai ƙi ba tare da an yi baram-baram ba. Akwai kuma ta ƴan siyasa a rediyo, mai cewa "ina girmama ra'ayin ɗan'uwana" da baki ɗaya sannan ya shafe minti goma yana yi masa wankin babban bargo. Shi ma gane shi ba wuya: tambaye shi wane ɓangare na ra'ayin yake girmamawa, za ka ga ya rasa.

Iyaye, na dawo kanku, kuma a nan abin ya wuce zancen aji. Mun gina tarbiyyar ƴa mace a kan kunya da sunkuyar da kai, muna alfahari cewa ƴarmu ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli babanta ba. Sannan ranar da za a yanke babbar magana a rayuwarta, a tambaye ta ta yi shiru, mu ce shirun budurwa yarda ne. Hukuncin yana nan a fiƙihu, ban musa ba. Amma an gina shi ne a kan cewa yarinyar da ba ta so tana da bakin da za ta nuna ba ta so. Wadda aka kwashe shekara goma sha huɗu ana bugun bakinta duk lokacin da ta ce "amma", shirunta me yake nufi? Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin na gaba-gaba. Ba na cewa kowane irin auren nan dole aka yi. Ina cewa yarinyar da ta iya durƙusawa ta ce, "Baba, gaskiya ne ana gudun abin kunya, kuma na san alheri kake nufi da ni, sai dai saura mini shekara ɗaya in yi jarrabawa, a ba ni ita," ta fi wadda za ta yi shiru yau, bayan wata uku ta gudo gida da yaji ko ta yi abin da ya fi haka muni. Uban da ya ji irin wannan magana daga bakin ƴarsa ya ɗauke ta da mari, shi ne ya karya al'adar Hausa, don yarinyar ta bi duk ƙa'idar da kakanninsa suka shimfiɗa. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne, kuma wadda ta durƙusa ta faɗi gaskiya ba ta rage wa uba tsawo ba.

Akwai wurin da ba a sassautawa, wannan ma a gaya wa yara ƙarara. Namijin da ya kira yarinya ɗaki shi kaɗai, malami ne ko ɗan'uwa, ba a ce masa "gaskiyarka, amma". Wanda ya ce wa yaro zo ka kai mini wannan ƙunshin daji kada ka gaya wa kowa, a wannan zamani da muke ciki a bakin iyaka, amsarsa a'a ce da gudu. Ana ba mutum gaskiyarsa ne in akwai gaskiya a maganarsa.

Abin da nake nema a wurin malamai ba ya cin ko dala. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a aji, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Muna ta murna, muna ta gardamar yadda za a ce "triangle" da Hausa. A yi wannan, amma harshe ya wuce jerin sunaye, yadda ake jayayya da shi ma gado ne. A ware rabin awa a mako. A kawo batun da yaran suka sani a jikinsu: ko ya dace a ɗage komawa makaranta sai an gama girbi, ko talla tana hana karatu, ko a bar ɗalibi ya riƙe waya. A raba aji biyu. Doka ɗaya ce: ba wanda zai kawo musunsa sai ya fara faɗin abin da yake daidai a maganar wanda ya gabace shi, kuma sai shi wancan ɗin ya amsa cewa i, abin da nake nufi ke nan. Wanda ya ce "gaskiyarka" ya zarce ba tare da ya ambaci wace gaskiyar ba, a mayar da shi ya sake. Makon farko za a sha dariya da kame-kame, don sauraron abokin gardama ya fi ba shi amsa wuya, manya ma sun sani.

Sharaɗin da ya fi wannan nauyi yana kan malamin kansa. Ranar da wata ƴar CE2 ta ɗaga hannu tana rawar murya ta ce, "Mushe, hanyar da ka bi daidai ce, sai dai kamar bakwai sau takwas hamsin da shida ne," aji duka zai zuba ido ya ga abin da zai biyo baya. In ya ɗauki bulala, ko ya ce wa ya tambaye ki, to ya rufe bakin yara sittin har su gama firamare, kuma kada ya sake zuwa taron iyaye yana kukan yara ba su magana. Ya goge allon, ya gyara lambar, ya ce mata "gaskiyarki" da ƙarfi yadda na layin baya za su ji.